Babban Yatsan Ba Abbo

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan azahar

Littafin nan rajistar yara ce ta ofishin ilimi, ruwa ya taɓa bayanta, ba mai nemanta. Abin da ba na iya faɗa a ofis zan zuba shi a nan, tunda bangon ofishinmu falanki ne, kuma Babagana, ƙaramin akawu, a bayan falankin yake zaune da kunnuwansa.

Takardu biyu sun zo daga Gashua. Oga Kyari ya kira ni ya rufe ƙofa, mutumin da ko riga zai canja ba ya rufe ƙofa.

Ta farko: an datse kasafin makarantu taran yankinmu, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Duk makarantar da sifeto ya je bai tarar da yara hamsin a zaune ba, za a rufe ta a haɗe da wata. Ba su faɗi ranar ba. Cikin watan nan dai.

Ta biyu: tantance ma'aikata. Kowa zai je Gashua ya dangwala yatsa a na'ura ran 24. Amma akwai mutum bakwai da aka ce ana shakkar ko akwai su a duniya, su ranar Alhamis ɗin nan ake son ganinsu. Na huɗu a jerin: Abbo Ibram, mai gadi, Firamaren Tudun Kanya.

Oga ya ɗora yatsa a kan sunan ya ce, "Zainu, wannan naka ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, namu ne."

Ya ce, "Ni sa hannu kawai nake yi. Kai ke rubutawa."

Shekara goma sha ɗaya na yi ina dillancin tattasai a kasuwar Nguru kafin in kama akawu. Na san yadda mutum ke matsawa gefe in ya ji buhu ya fara wari.

Talata, 8 ga Oktoba, da hantsi

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in ga yadda zai fita a bakina in an tambaye ni.

Makarantar Tudun Kanya a kan tudu take, ruwa da ciyawar kacalla sun kewaye ta. Yaran tudun su ashirin da bakwai ne. Sauran arba'in da ɗaya 'ya'yan masunta ne daga Dabar Gabas, sai an tsallako da su a jirgi. Ba Abbo ke tsallako da su, sahu uku da safe, sahu uku in an tashi. Fom ɗin kasafi yana da layin alli, yana da layin gyaran rufi, yana da layin mai gadi. Ba shi da layin kwalekwale. Wanda ya zana fom ɗin bai taɓa naɗe ƙafar wando ba. Shi ya sa shekara huɗu da suka wuce na rubuta Ba Abbo a mai gadi. Me zai yi gadi? Azuzuwan ko ƙyaure babu. Amma jirgi na tafiya, yara na zuwa, ba wanda aka cuta.

Katin bankinsa a wajena yake, don bai iya na'urar cirar kuɗi ba. Duk ƙarshen wata ina kai masa abin da muka yi da shi. Ragowar tana da hanyoyinta. Kwaltar liƙe jirgi, alli, da sauransu.

Mutum uku suka san zancen nan: ni, Oga, da Malama Meram shugabar makarantar. Ni ban faɗa wa kowa ba.

To wa ya kai sunan?

Talata, bayan la'asar

Babagana ya saya min ƙosai yau. Shekara uku muna ofis ɗaya bai taɓa saya min ko goro ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Na hau babur zuwa Dabar Gabas, minti arba'in ta kan gaɓa. Na tarar da Ba Abbo yana kwarfe ruwa daga jirgi da rabin jarka.

"Wushe, Akawu. Wata bai mutu ba ai. Ko gwamnati ta fara biya sau biyu?"

Na ce masa gobe za mu Gashua, gwamnati na son ta tabbatar akwai shi.

Ya daina kwarfar. "Akwai ni kamar yaya?"

"Wasu sun ce babu kai, Ba Abbo. Wai sunanka kawai ake rubutawa."

Ya dubi ƙafafunsa cikin ruwa, ya dube ni. "To wa ke ta fama da ciwon baya duk shekarun nan?"

Na koya masa abin da zai ce. In an tambaye shi aikinsa, gadi. In an ce gadin me, makaranta. Kada ya ƙara ko kalma. Ya ce shi bai iya ƙarya a gaban na'ura ba. Na ce na'urar ba ta jin magana, yatsa kawai take so.

Malama Meram ta tsallako tare da sahun ƙarshe. Ta gaishe ni sama-sama, ta ce ta ji labari. A wajen wa? Ban tambaya ba. Amma na lura ta sa sabon mayafi. Kuma kowa ya san ta daɗe tana son a mayar da ita cikin gari, kusa da uwarta. In aka rufe makarantar, ai ta samu.

Alhamis, 10 ga Oktoba, Gashua, ƙarfe uku

A tasha nake rubutu, muna jiran mota ta cika.

Mai tantancewar wata Hajja Shuhada ce, doguwa, da tabarau a kan hanci. Da na yi sallama ta ɗago da sauri, ta dube ni kamar ta san muryar. Ni ban santa ba. Babagana yana da ƙanwar uwa a Gashua, wannan na sani.

Ba Abbo ya zauna da rigarsa ta Juma'a. Ta ce, "Baba, ɗora babban yatsa." Ya ɗora. Fitila ta yi ja. Ta goge gilashin, ya sake. Ja. Na hagu. Ja. Manuni, na tsakiya, har ɗan ƙaramin. Yatsu goma, ja goma.

Ta kama hannunsa ta juya. Ni ma sai yau na duba hannun nan da kyau. Sumul yake kamar bayan ƙwarya. Shekara hamsin na filafilin tuƙi da igiyar komar kamun kifi da ruwa sun cinye zanen tas.

Ya ce, "'Yata, ga ni dai a zaune."

Ta ce, "Ina ganinka, Baba. Kwamfutar ce ba ta ganinka, ita kuma ke biyan albashi."

Na matsa na fara irin maganar da nake sauko da farashi da ita. Ta ɗaga hannu. "Malam Zainulabidin, adana bakinka, na san yana aiki." Ta ce an dakatar da albashinsa daga yau. Ya dawo ran 24 tare da kowa. In na'ura ta karɓe shi, shi ke nan. In ta ƙi, za a goge layin daga kasafi, kuma wanda ya rubuta baucar albashin shekara huɗu zai zo ya yi bayani.

Na san yana aiki. Wa ya gaya mata bakina yana aiki?

Da muka fito, mai ɗaukar hoton fasfo da ke bakin ƙofa ya ce kullum haka ake yi da masunta da masu wanki. Maganin ɗaya ne: mako biyu kada hannu ya taɓa ruwa, kada ya riƙe wani abu mai kaushi, a riƙa shafa man kaɗanya a sa safa. Zanen yakan ɗan taso.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan masallaci

Na zauna na auna abin kamar yadda ake auna kaya.

In Ba Abbo ya ci gaba da tuƙi, makaranta a cike, amma ran 24 babu shi, babu kuɗin jirgi, daga baya makarantar ta mutu da kanta. In ya ajiye filafili mako biyu, akwai shi a takarda, amma sifeto zai zo ya tarar da yara ashirin da bakwai ya rufe.

Wanda ya haɗa takardun nan biyu a wata ɗaya ya san abin da yake yi. Ko kuwa ba wanda ya san abin da yake yi, wannan ya fi ba ni tsoro.

Matata Fanne ta ce tun jiya nake magana ni kaɗai a kan tuwo. Ta ce, "Wai kai da wa?" Na ce da gwamnati. Ta ce, "To ka ci, ita ta ci nata."

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Abu mai sauƙi, na ce, a samu wani ya tuƙa na kwana goma. Na koma Daba.

Masuntan da na tuntuɓa duk kuɗin kamun yini suke so, ga kifi na gudu yanzu, ga asusun a rufe. Wannan ma da na san yadda zan yi da shi. Ba Abbo ne ya ƙi.

"A ruwan nan, Akawu, wanda ya riƙe mashigi kwana bakwai a jere, mashigin nasa ne. Haka na karɓe shi daga wanda ya riga ni, ya kwanta zazzaɓi ya tashi ya tarar da ni. Ka kawo ɗan Daba ya riƙe min, ran da zanen yatsana ya dawo in ci shi da tuwo?"

Matan Daba kuma sun ce ba za su sa 'ya'yansu a jirgin da Ba Abbo ba ya ciki ba. Hanyar cikin kacalla shi kaɗai ya san inda take juyawa. An taɓa rasa yaro a wajen kafin zamaninsa, ba su manta ba.

Na ce, "To wa ka yarda da shi?"

Ya ƙare min kallo tun daga hula har takalmi. Ya ce, "Wanda ko an ba shi mashigin kyauta ba zai iya riƙewa ba."

Na yi kamar ban gane ba. Na bar masa gwangwanin man kaɗanya da safar ƙafa guda biyu, sababbi, daga aljihuna.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Jirgi bai tashi ba. Malama Meram ta bugo: yara ashirin da shida, ɗaya na zazzaɓi. Ta ce an ga sifeto a makarantar kan titi yau. Ta ce, "Malam Zainu, me kake jira?"

Me ya sa take so in san inda sifeto yake? Ko so take in ga ta damu?

Talata, 15 ga Oktoba, bayan isha'i

Yau kasuwa, ban leƙa ba.

Na gaya wa Oga zan yi zagayen duba makarantu na mako biyu. Ya ce, "Ka rubuta," bai ɗago ba.

Ƙarfe shida da rabi ina Daba. Na naɗe wando. Ba Abbo ya zauna a goshin jirgi, hannuwa cikin safa a kan gwiwa, kamar amarya ranar lalle. Yara goma sha huɗu suka shiga suna toshe baki.

Na tura da gora, jirgin ya juya ya koma inda muka fito. Na sake, ya sake.

"Akawu, ruwan ba buhu ba ne, daina soka shi. Dama. Damarka! Wace makaranta ka yi?"

"Har aji biyar na sakandare, Ba Abbo."

"Asara."

Wata yarinya mai suna Nana Aisha, ta aji shida, ta ce, "Malam, in ka gaji mu sauka mu tura ka." Jirgi ya kwashe da dariya har ya yi tangaɗi.

Sahu uku ya kai ni ƙarfe goma saura. Na dawo da su bayan an tashi. Matan Daba sun jeru a gaɓa suna kallo, ba wadda ta ce sannu. Ɗaya ta ce wa 'yar'uwarta, yadda zan ji, "Wannan ba shi ne mai kawo kuɗin ba?"

Mai kawo kuɗin. Me suka sani game da kuɗin?

Laraba, 16 ga Oktoba

Kafaɗa. Bororo huɗu. Yara sittin da biyar.

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Na biya ofis da laka a wuyan ƙafa. Fayil ɗin Tudun Kanya ba a inda na bar shi yake ba. Ina ajiye shi na uku daga ƙasa, na same shi na biyu.

Babagana ya ce, "Yaya Zainu, ka yi baƙi. Zagayen nan da rana ne haka?"

Na ce, "Wa ya taɓa durowata?"

Ya ce Oga ne ya nemi kasafin alli. Ya ce in ina so zai riƙe min baucocin watan nan in huta. In huta! Wanda ya riƙe mashigi kwana bakwai. Na kwashe baucocin na cusa a jaka.

Na duba kasafin da aka datse. Makarantu tara, kwalin alli goma sha ɗaya har ƙarshen zango. Rufin aji biyu ya yaye a makarantar kan titi, kuɗin da ya rage bai kai kwano ashirin ba. Oga ya sa alamar tambaya da jan biro a gefen layin mai gadi. In layin ya mutu, rufinsa ya samu. Makarantar kan titi kuwa a unguwar surukansa take.

Uku ke nan: Babagana, Malama, Oga. Kowa da abin da zai ci.

Akwai wata rana a watan Yuli da na dawo daga ɗaurin aure a Gashua a motar haya. A'a. Waɗanda ke cikin motar 'yan kasuwa ne, ba ruwansu da ofis.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da yamma

Na yi abin da bai kamata ba.

Bayan sahu na uku na hau tudu in sha ruwa. Malama Meram na rubutu a allo da guntun allin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na ce mata, cikin wasa irin na kasuwa, wanda ake soka mutum ana murmushi, "Malama, in an rufe nan ai kin huta da laka. Gida kusa da Hajiya."

Ta ajiye allin. Ta sallami yaran waje.

Ta ce, "Malam Zainu, faɗi abin da ke bakinka."

Na ce ni ban ce komai ba, sai dai mutum uku suka san zancen mai gadi.

Ta buɗe jakarta ta fito da takarda ta miƙa min. Canjin wurin aiki ne zuwa cikin garin Nguru, tun watan Afrilu. An ba ta. Ba ta karɓa ba.

"Na ce sai 'yan aji shida sun zana jarrabawa. Su ne na farko daga Daba da za su zana." Ta karɓe takardarta. "Mutum uku ka ce? Je ka rumfar mai shayin tasha ka tambaya. Har yaran mota sun san labarin mai gadin ruwa. Ni ban taɓa zama a rumfar mai shayi ba."

Na sauko ban sha ruwan ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ba makaranta. Na yini a kwance. Fanne ta fasa min bororon da allura tana tsaki.

Labarin yana da daɗin bayarwa, shi ne matsalar. In na zo wajen "azuzuwan ko ƙyaure babu" kowa sai ya yi dariya. Sau nawa na bayar? Biyu. Wataƙila uku. Ban taɓa faɗin suna ba.

Ina jin ban taɓa faɗin suna ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan azahar

Sifeto ya zo.

Na dawo ɗaukar sahu na uku sai ga babur ɗin gwamnati a gaɓa, da wani siriri riƙe da fayil a ƙirji yana kallon ruwa kamar an aiko shi ya auna shi. Baƙo ne, bai san ni ba. Na ja hula ta rufe goshi.

Ya shiga tsakiyar yara goma sha uku, ya riƙe gefen jirgi da hannu biyu. A tsakiyar kacalla gorata ta kafe a laka, na ja, ta ƙi, jirgi ya wuce ya bar ta a tsaye. Na rarumi filafili. Bororon da ya fara warkewa ya sake fashewa, na ji shi har ƙeya.

Sifeto ya ce, "Kai ne mai jirgin?"

Kafin in buɗe baki Ba Abbo ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, yarona ne, koya masa nake. Kansa da nauyi, amma yana da biyayya."

"Kai kuma me ya sami hannunka, Baba?"

"Gwamnati ce ta ce in adana mata shi."

Sifeto bai sake tambaya ba, ruwa ya fara taɓa takalminsa.

Ya ƙirga su aji-aji, sau biyu, yana taɓa kan kowa da biro. Sittin da uku. Ya rubuta, Malama ta sa hannu. Da na mayar da shi gaɓa ya ba ni naira ɗari biyu ya ce in dage, sana'a ce mai kyau.

Na karɓa. Me zan ce?

Malama Meram ba ta dube ni ba duk yinin. Amma ta aiko min da ruwa a kofi.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan magariba

Sifeto ya wuce, da na iya dainawa. Ba Abbo ya ce in na daina shi zai ɗauki filafili, ba zai bar yara a gaɓa ba. Saura kwana ɗaya. Na tuƙa.

Mun cire safar mun duba a rana. Akwai wasu layuka siri-siri a babban yatsan dama, in ka karkata shi. Ya ce rabon da ya ga hannunsa haka tun yana saurayi. Ya ce matarsa ce ke ba shi fura a baki kwana goma sha ɗaya, ba ya son abin ya ƙare.

Katinsa na cikin aljihun rigata. Ina ta taɓa shi. Ban san dalili ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba, Gashua, a tasha

Da ƙyar nake riƙe biron.

Layi har bakin titi, malamai daga ko'ina. Oga Kyari ya dangwala ya wuce bai ko gaishe mu ba. Babagana ya riƙe mana wuri a layi.

Ba Abbo ya cire safa a gaban Hajja Shuhada a hankali, ya yi bismilla, ya ɗora. Ja. Ta ce ya hura wa yatsan iska ya danna a hankali. Ya hura. Ya ɗora.

Kore.

Ya ce, "Akwai ni?"

Ta ce, "Akwai ka, Baba."

"To a rubuta da kyau, kada a sake mantawa."

Na tsaya ina jiran ta tambayi gadin me yake yi. Ba ta tambaya ba. Ta ce takardarta tambaya ɗaya gare ta, mutum ne ko ba mutum ba. Sai ta cire tabarau ta dube ni.

"Ba ka gane ni ba ko? Watan Yuli, motar Nguru. Ina gidan gaba, kana baya kana ba 'yan tattasai labari. Ka faɗi makarantar, ka faɗi sunan tsohon, har da yadda katinsa ke kwana a aljihunka. Na yi dariya ni ma. Da na koma ofis na ce bari in ga ko akwai tsohon, ko kai ne tsohon."

Ba takardar ƙorafi. Ba Babagana, ba Malama, ba Oga.

Ta ce, "Katin mutum a hannun mai shi yake zama. Ɗora yatsanka, mutane na jira."

Na ɗora. Ja.

Ta goge gilashi. Ja. Na hagu, ja. Ta juya hannuna. Fatar ta saɓule, inda bai saɓule ba ya yi kanta. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi safar da ke cinyar Ba Abbo, ta sake duban hannuna. Ta ɗauki biro.

Ta rubuta a gaban sunana: ba a tantance ba. An dakatar da albashi. In dawo bayan mako biyu.

Ba Abbo ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "'Yata, ni shaida ne, akwai shi. Ba shi da yawa, amma akwai shi."

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

Jiya a mota, mun wuce rabin hanya, Ba Abbo ya miƙo min tafin hannu. Na ciro katin na sa masa.

Na fara, "Ba Abbo, game da ragowar…"

Ya zaro tsohuwar wayarsa mai ɗaure da roba. "Wannan abar tana kuka duk ƙarshen wata in kuɗi sun shiga. Shekarar farko ba mai karanta min. Shekara ta biyu Nana Aisha ta shiga aji huɗu."

Shekara uku ke nan yana sane.

"Har kwaltar da allin sun lissafa min a jirgi, Akawu. Sun iya ɗebewa. Abin da ya saura ba alli ba ne."

Na ce, "Me ya hana ka magana?"

"In na yi magana wa zai rubuta ni mai gadi? Kai ɓarawo ne mai amfani." Ya mayar da wayar aljihu. "Kwana bakwai ka tuƙa a jere ban da hutu, da ɗan Daba ne da mashigin ya zama nasa. Na karɓi wannan a bakin wani abu daga bashin. Sauran, duk Asabar ɗin da jirgi ke son liƙi, ka zo da kwalta. Daga aljihunka."

Direba ya waiwayo yana son jin labarin. Karo na farko a rayuwata na ce wa mutum ba komai.

Da muka sauka a Nguru ya tura min wani abu a leda. Safar nan ce guda biyu, da ragowar man kaɗanya.

"Kada ka taɓa ruwa. Ka ce wa Fanne ta riƙa ba ka a baki."

Litinin, 28 ga Oktoba, da safe

Na cire safa ɗaya don in rubuta wannan. Fanne ta ce ita ba ta ba ƙato abinci a baki, ga cokali.

Malama Meram ta bugo. Sahu uku kafin ƙarfe takwas, sittin da bakwai. Na ce mata, "Malama, maganar ranar nan." Ta ce, "Ka kawo alli." Ta kashe.

Oga ya goge alamar tambayar. Rufin makarantar kan titi sai baɗi, in da rai.

Babagana ya zo gaishe ni da lemo guda shida, ya ce zai riƙe min baucoci har in warke, ba ya son komai.

Kwana bakwai zan ba shi, ban da ɗaya.